Yadda Za Ka Gyara Akwatin Kifi Na Gilashi Idan Ya Tsage

Da asuba na fito zan yi alwala, sai na taka ledar falo na ji sanyin ruwa a tafin ƙafata. Ina haska fitila na ga ruwan akwatin kifin ya ragu sosai, ga wata siririyar tsaga kamar silin gashi ta taso daga kusurwar ƙasa ta gilashin gefe, ruwa na bin ta yana ɗiga a hankali. Kifayen suna ta yawonsu. A ranar na fara koyon wannan gyara, kuma abin da na fahimta tun daga lokacin shi ne gam ba ya riƙe tsagar gilashi. Gilashi ne ke riƙe gilashi, shi silikon, abin nan mai kama da roba da ake matsawa a mahaɗar gilasai, aikinsa ya haɗa su ya toshe hanyar ruwa.

Akwatina ɗan matsakaici ne, tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 30. Yana cin lita 54, kuma kowace lita kilo ɗaya ce, ka ga ya fi buhun siminti nauyi tun ba a saka yashi da duwatsu ba. Gilashin gaba kaɗai ruwa na tura shi da ƙarfin da ya kai kilo 27, dare da rana. Idan akwatin ya kai santimita 90 da 45 da 45, ruwansa ya haura lita 180, turin da gilashin gaba ke sha kuma ya haura kilo 90. Wanda ya shafa sufa-gulu ko Araldite a bayan irin wannan tsaga ya mayar da ruwa, ya dai ɗaga ranar fashewar ne. Waɗannan suna bushewa su yi tauri, gilashi kuma yana ɗan lanƙwasa idan ruwa ya cika, sai gam ɗin ya saki ko tsagar ta ci gaba ta ƙarƙashinsa.

Fara da ceton kifin

Kafin ka tsoma hannu, zare duk wata waya da ke jone da akwatin: famfon iska, matatar ruwa, fitila, da hita idan kana da ita. Ruwa a ƙasa ga soket a kusa ba abin wasa ba ne.

Samo baho ko babban bokiti wanda bai taɓa ganin omo ko sabulu ba. Kada ka ɗauki bahon wankin uwargida ka ce ka ɗauraye, ɗan ragowar omo ya isa ya ƙona sassan da kifi ke numfashi da su. In babu, gara ka sayi sabo. Zuƙo ruwan akwatin da tiyo ka zuba a ciki, wannan tsohon ruwan da suka saba da shi ne za su zauna a ciki. Idan ruwan ya yi ƙasa sai ka kamo su da ragar kamu, kamun ya fi sauƙi kuma nauyin da ke kan tsagar ya ragu. Ragowar ruwan ka tara a jarka mai tsabta.

Soson da ke cikin matatar ruwa kada ka bari ya bushe, kada kuma ka wanke shi a famfo. A jikinsa ƙwayoyin halitta masu amfani suke zaune, su ne ke narkar da gubar da ke fita daga kashin kifi. Jefa shi cikin bahon tare da kifin, ka saka musu tiyon iska. Yashi da duwatsun ma a bokiti da ɗan tsohon ruwa a kansu.

Rufe bahon da guntun gidan sauro ka ɗaure, domin kifi na tsalle idan ya ji baƙon wuri, ga kuma mage. Da hunturu kada ka ajiye shi a kan siminti tsirara, sa tabarma ko katako a ƙasa. Da bazara, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, nemi ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. Za su yi mako guda ko fiye a nan, don haka rage musu abinci sosai, ɗan kaɗan sau ɗaya a rana, kuma kullum ka ɗebe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ka maye da wanda ya kwana.

Gano ainihin ciwon

Ba kowace jiƙa ce tsaga ba. Wani lokaci kumfar iska ce ke fantsama ta bi bango ta sauko, ko tiyo ya saki. Idan ba ka ga tsaga da ido ba, goge bayan akwatin ya bushe, ka bi mahaɗun gilashin da takardar tishu, inda ta jiƙe nan ne. Ruwa ma yana nuna wurin da kansa: yana sauka har ya kai daidai inda yake yoyo sannan ya tsaya.

Abu uku ake samu. Ko silikon ɗin mahaɗa ya tsufa ya saki, gilashin lafiyarsa ƙalau. Ko gilashin ƙasa ya tsage. Ko ɗaya daga cikin na tsaye, gaba ko baya ko gefe. Na farko sabon silikon yake so. Na biyu ana iya yi masa faci. Na uku, a ganina, canza gilashin ɗungurungum shi ne gyara, sai fa idan 'yar gajeriyar tsaga ce can sama kusa da baki inda ruwa ba shi da ƙarfi.

Akwai kuma wanda ba na ba da shawarar a taɓa. Babban akwati mai cin lita 200 zuwa sama da tsaga ta ratsa gilashin gabansa, ko wanda gilashi biyu suka tsage, wannan a kai wa masu haɗa su, ko a haƙura a mayar da shi wurin renon tsirrai. Jarka 8 ta ruwa haɗe da fasassun gilashi a falon da yara ke wasa, kada garin neman gira a rasa ido.

Sayayya

Silikon shi ne inda mutane suka fi yin asarar kifi. Za ka same shi wajen masu kayan gini a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, da wajen masu aikin tagar alminiyam. Amma ba kowanne ba. Irin wanda ake yi don banɗaki da kicin ana zuba masa maganin hana fumfuna, wannan maganin yana narkewa a ruwa sannu a hankali ya kashe kifi. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, silikon zalla nake so na gilashi, wanda ba shi da maganin fumfuna, akwatin kifi zan gyara." Kada ka tsaya a kan amsarsa kawai, karanta jikin kwalbar da kanka. Wanda aka rubuta cewa na akwatin kifi ne, ko aka zana kifi a jikinsa, shi ne na farko. Irin da aka saba amfani da shi a wannan aiki yana da wari mai hawa kai kamar na ruwan khal idan an matso shi, sai dai warin kaɗai ba shaida ba ne, don na banɗakin ma wani yana da shi. Duba ranar ƙarewar wa'adinsa, domin silikon da ya tsufa, musamman wanda ya sha zafin shago, yakan ƙi bushewa ko ya daskare a kwalba. Araha ba ta ado a nan. Kwalba ɗaya ta ishi akwati mai santimita 60.

Sauran kayan: bindigar matsa silikon, sababbin reza kamar fakiti guda, sifirit daga kemis ko asiton, salatif na takarda irin na masu fenti, samfefa mai laushi, safar hannu mai kauri, tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, da tsofaffin jaridu. Kada ka goge gilashi da kananzir ko fetur, suna barin maiƙo, silikon kuma ba ya kama maiƙo.

Gilashin kuwa sai ka cire tsohon tukuna.

Cire gilashin da ya tsage

Wanke akwatin da ruwa zalla ka bar shi ya bushe sarai. Ɗora shi a kan tebur mai shimfiɗa da bargo ko kwali. Liƙa salatif a kan tsagar ciki da waje, a gicciye, don kada gilashin ya rabe a hannunka. Sa safar hannu, ka kuma kori yara daga wurin. Idan akwatin na da firam na roba ko alminiyam a baki, zura reza ƙarƙashinsa ka yanka silikon ɗin ka ɗaga shi a hankali.

Silikon iri biyu ne a kowace kusurwa. Akwai mai kauri da kake gani daga ciki, akwai kuma siriri da ke tsakanin gilashi da gilashi, wanda shi ne ke riƙe akwatin. Fara yanke na cikin: kwantar da reza a jikin gilashi ɗaya ka ja, ka koma jikin ɗayan ka ja, sai ya fito kamar taliya. Daga nan ka zura bakin reza tsakanin gilasan biyu, kana bi kana maimaitawa, kowane zuwa tana ƙara nutsewa kaɗan. Inda reza ta ƙi shiga, zaren kamun kifi mai ƙarfi yana yi, a zura shi a riƙa ja gaba da baya kamar zarto. Kada ka ɓanɓara da sukundireba ko wuƙar kicin, gefen gilashin mai lafiya zai ɓantare ka ƙara wa kanka aiki. Idan an yanke dukkan gefuna uku, gilashin zai saki da kansa ba tare da an ja da ƙarfi ba.

Kafin ya fita, duba yadda yake zaune. A kan gilashin ƙasa ya hau, ko a gefensa ya jingina? Tsakanin na gaba da na baya ya shiga, ko shi ya rufe su? Ɗauki hoto da waya. Wannan ne zai gaya maka awon sabon.

Yanzu aikin da ya fi cin rai, kuma shi ne rabin gyaran: kankara. Sabon silikon ba ya kama tsohon da ya riga ya bushe. Ko ɗan fatar da ido ba ya gani ta rage, nan ne ruwa zai bi wata rana. Ɗauki sabuwar reza, kwantar da ita, ka kankare duk inda sabon gilashin zai taɓa. Da ta dakushe ka jefar ka ɗauki wata. Sai ka goge da sifirit, ka karkata gilashin wajen haske. Inda ka ga dishi-dishi kamar hazo, saura na nan, koma da reza. Gilashin da ya fita tas, idan ka ja ɗan yatsa a kai za ka ji yana ƙara yana cijewa, inda silikon ya rage kuma yatsa zai zame. Ni na ɗauki yini guda a kan wannan kaɗai. Tunda an riga an buɗe, na kuma yanke silikon ɗin ciki na dukkan sauran kusurwoyi, na bar na tsakanin gilasan kawai, domin in zuba sabo gaba ɗaya a zama ɗaya ba tare da wurin da sabo ya haɗu da tsoho ba. Idan matsalarka yoyon mahaɗa ce kawai, wannan shi ne gyaranka: yanke na ciki duka, kankare, goge, zuba sabo.

Wajen mai yankan gilashi

Naɗe tsohon gilashin a kwali ka tafi da shi, ya fi awon da aka rubuta a takarda. Ka ce a yanka maka daidai shi, kaurin ma iri ɗaya ko ya fi. Gilashi mai kaurin mili (milimita) 3 ko 4 na taga ne da firam ɗin hoto. Akwati mai tsayin santimita 30 yana son mili 5 ko 6, mai tsayin 45 kuma mili 8 zuwa sama. Tsayin ruwa ne ke ƙara ƙarfin turi, tsawon gilashi kuma ke sa shi lanƙwasa, shi ya sa dogayen akwatuna ake yi musu gicciyen gilashi a sama. Idan naka na da shi, kada ka mayar da ruwa ba tare da shi ba.

Roƙi malamin ya goge maka kaifin gefuna. In bai yi ba, jiƙa samfefa ka naɗa a guntun katako ka bi gefen a hankali, kaifin kawai za ka kashe, kada ka ci awon. Ka kuma sani akwai gilashin da ake gasawa a masana'anta don ya yi ƙarfi, irin na gefen mota. Shi ba ya yankuwa, idan ya fashe kuma rugujewa yake yi kamar tsakuwa. Wasu akwatunan da ake shigowa da su da shi ake yi musu ƙasa, don haka kada ka gwada yanka ko huda ƙasan akwatin kanti.

Haɗawa

Gwada sabon gilashin a wurinsa ba silikon. Ya kamata ya zauna da ɗan sarari kaɗan, ba a matse ba. Idan ya yi, cire shi, goge gefunansa da na akwatin da sifirit karo na ƙarshe, kada ka sake taɓa wurin da hannu. Da hunturu ka yi aikin a ɗaki, ka yi shara ka bari ƙura ta kwanta tukuna, amma ka bar taga ɗaya a buɗe saboda warin.

Liƙa salatif a cikin akwatin, layi biyu a kowace kusurwa, ka bar tazarar kamar rabin santimita zuwa santimita ɗaya daga kusurwar ta kowane ɓangare. Yanka wasu guntayen ka maƙala a bakin tebur, za ka buƙace su da hannu ɗaya. Ka samu wanda zai riƙe maka, domin silikon na fara yin fata cikin mintoci kaɗan, balle da zafi.

Yanke bakin kwalbar a karkace. Zuba silikon a gefunan da gilashin zai zauna, layi ɗaya ba yankewa, ba gurbi. Saka gilashin daga ƙasa, ka tayar da shi ya haɗu da gefuna, ka danna daidai yadda silikon zai bazu ya cika mahaɗar. Kada ka matse har gilashi ya taɓa gilashi, ana son ɗan siririn silikon kamar mili 1 ya rage a tsakani, shi ne katifar da ke shanye motsi. Leƙa ta gefe: mahaɗa mai kyau za ka gan ta garau, kumfar iska kuma tana fitowa fari-fari kamar azurfa. In kumfar ta yi yawa, cire ka goge ka sake tun bai bushe ba. Ɗaure kusurwoyin da salatif daga waje, ka tokare gilashin da jarka ko bulo don kada ya zame.

Nan take ka bi kusurwoyin ciki da silikon, na ƙasa huɗu da na tsaye huɗu. Sa yatsa ka ja sau ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya kwanta ya yi kwarmi. Kada ka jiƙa yatsan da ruwan sabulu kamar yadda masu tayil ke yi. Da ka gama, ɓare salatif ɗin ciki tun silikon na ɗanye, zai bar layi miƙaƙƙe. Wanda ya ɗiga a tsakiyar gilashi ka ƙyale shi ya bushe, reza za ta ɗauke shi.

Idan ƙasa ce ta tsage

Nan faci ya halatta, domin tebur na tallafe da ita. A ciki ake yin facin, yadda nauyin ruwa zai riƙa danna shi a kan tsagar. Mafi kyau a yanko gilashin da zai rufe ƙasan gaba ɗaya, a rage 'yan milimita ta kowane gefe, kaurinsa daidai da na asali. In guntu za ka sa, ya wuce tsagar da aƙalla santimita 5 ta kowace fuska. Yanke silikon ɗin kusurwoyin ƙasa, kankare, goge. Cika tsagar da silikon, ka zuba layuka kusa da kusa a duk inda facin zai kwanta, ka ɗora shi ka danna daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita. Aza masa nauyi, kamar galan na ruwa a kan tsumma, ka zagaye gefunansa da silikon. Wannan ya fi kowane gyara jinkirin bushewa, saboda iska ba ta kaiwa tsakiyar gilasan biyu.

Jira

Silikon ba zafi ke busar da shi ba, damshin da ke cikin iska ne, kuma daga waje yake farawa ya shiga ciki, kamar mili 2 zuwa 3 a kwana ɗaya. Wannan ya shafe mu sosai a Kano. Da damina, a watan Agusta, yana kamawa da wuri. Da hunturu da farkon bazara iska ta bushe ƙayau, sai ka taɓa waje ka ji ya yi tauri alhali cikinsa ɗanye ne. Ajiye kwanon ruwa ko jiƙaƙƙen tawul kusa da akwatin yana taimakawa. Kada ka kai shi rana, kada ka riƙa ɗaga shi kana dubawa. Awa 48 shi ne mafi ƙaranci ga gyaran mahaɗa, ni kuwa kwana 7 nake ba canjin gilashi, faci kuma har ya fi haka. Sa hanci a cikin akwatin, muddin kana jin tsamin nan, bai gama ba.

Gwaji da mayar da kifi

A tsakar gida ake gwaji, a inuwa, a wuri mai shafaffen siminti. Shimfiɗa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin ko firji, ka ɗora jarida a kai, sannan akwatin. Zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, ka bar shi 'yan awoyi. Ƙara zuwa biyu cikin uku, ka sake jira. Sannan ka cika, ka yi alama da maka a daidai bakin ruwan, ka rufe, ka bar shi kwana 2. Jarida ba ta ɓoye ɗigo ko ɗaya. Idan ta jiƙe, kada ka shafa ƙari a kan wurin, zubar da ruwan ka yanke silikon ɗin ka sake. Idan ta tashi a bushe, zubar da wannan ruwan gwajin, kuma da tiyo za ka fitar da shi. Akwati ba a ɗaga shi da ruwa a ciki, ko da kaɗan ne.

Kafin ka mayar da shi mazauninsa, nemo abin da ya fasa shi. Nawa, da na ɗaga, sai na ga katakon teburin ya sha ruwa ya lotsa ta kusurwa ɗaya, akwatin ya daɗe yana zaune a murɗe. Wani kuma ƙwayar tsakuwa ɗaya ce a ƙarƙashin gilashi, ko dutsen ado da ya faɗi a ciki. Share saman teburin, canza katakon in ya lanƙwashe, shimfiɗa farin soson nan idan akwatin ba shi da firam a ƙasa. Zuba ruwa kamar yatsa biyu ka auna zurfinsa a kusurwoyi huɗu, in sun bambanta ka gyara ƙafar teburin, kada ka cusa wani abu ƙarƙashin gilashin.

Mayar da yashi da duwatsu, ka ɗora faranti a kai ka riƙa zuba ruwa a kansa don kada ya tayar da laka. Fara da tsohon ruwan da ka adana, ka cika da sabo. Ruwan famfo yana iya zuwa da kilorin, maganin da ake tsabtace ruwan sha da shi amma yana cutar da kifi, a bar shi a buɗe ya kwana ko a ɗiga masa maganin da masu sayar da kifin ado ke sayarwa. Na 'yan garuwa ka tabbatar jarkar ba ta taɓa ɗaukar mai ba. Mayar da soson matata, kunna iska, ka bar shi ya yi awa ɗaya ko biyu. Kifin kuma ka sa su a leda da ruwan bahonsu, ka ɗora ledar a saman ruwan akwatin minti 20 don zafinsu ya daidaita, kana ɗan ƙara musu ruwan akwatin a ciki, sannan ka sake su. Ranar kada ka ba su abinci. Makon farko ka bar guntun jarida a ƙarƙashin kusurwar da ka gyara, kana duba ta safe da yamma.